Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Layin Soke Rubutu Yake Ɓacewa a Saƙon Imel?

Da dama daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a kwanakin nan sun taru a kan magana guda, wato layin nan da ake ja a tsakiyar kalma ko adadi domin a nuna cewa an soke shi, alhali kuwa ana iya karanta shi. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita su ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar albasa ne a nan Sakkwato, ina sayen kaya daga Wurno da Goronyo ina kai wa Kudu. Yarona da ke rubuta mini wasiƙu ya aika wa wani abokin cinikina na Legas saƙon imel, ya ja layi a kan tsohon farashin buhu, naira 60,000, ya rubuta sabon farashi, naira 52,000, a gefensa. Sai ga mutumin ya bugo waya yana tambayar wanne ne farashin, domin shi adadi biyu ya gani a jere, babu layi a kan kowanne. Yaron kuma ya nuna mini a kwamfutarsa layin yana nan daram. Wa ke da gaskiya a cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa maka, domin abin da yaronka ya aika da abin da abokin cinikinka ya karanta ba lallai ne su zo da kama ɗaya ba. Imel ya fara ne a matsayin rubutu zalla, wanda babu ado a cikinsa ko kaɗan, babu harafi mai kauri, babu launi, babu layi. Sai a shekarar 1992 aka fito da tsarin da ake kira MIME, wanda ya ba da damar a haɗa abubuwa iri-iri a cikin saƙo guda. Daga nan ne manhajojin imel suka samu hanyar da mafi yawansu suke bi har yau: idan mutum ya rubuta saƙo mai ado, sai manhajar ta shirya kwafi biyu ta ɗaure su wuri ɗaya ta aika. Kwafi ɗaya an rubuta shi da HTML, yaren da ake gina shafukan intanet da shi, kuma shi ne yake ɗauke da umarnin a ja layi a kan adadi kaza. Ɗayan kwafin kuwa haruffa ne da lambobi kawai. Manhajar mai karɓa ce take zaɓen wanda za ta nuna, mai aikawa ba shi da ta cewa a wannan zaɓe.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Layin sokewa ba harafi ba ne, umarni ne da aka rataya wa haruffan. Idan manhajar abokin cinikinka ta nuna masa kwafin rubutu zalla, umarnin ya faɗi, amma adadin da aka soke bai faɗi ba, sai ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da sabon. Wannan yana faruwa ta hanyoyi da yawa. Akwai ma'aikatun da suke saita manhajar imel ta Outlook ta riƙa buɗe kowane saƙo a matsayin rubutu zalla saboda tsaro, akwai masu amfani da manhajar imel ta Thunderbird da suka zaɓi hakan da kansu, sannan akwai hanyar da ta fi kowace yawa a wurinmu, wato mutum ya karanta saƙo daga sanarwar da ta faɗo a fuskar wayarsa, ko daga ɗan layin nan da ke bayyana ƙarƙashin taken saƙo kafin a buɗe shi. Waɗannan wurare biyu ba sa nuna ado. Ɗan kasuwar da yake tsakiyar sauke kaya ba safai yake buɗe saƙo ya karanta a natse ba, abin da ya hango a sanarwa shi yake ɗauka.

Bambancin wannan layi da sauran kayan adon rubutu shi ne abin da nake so ka riƙe. Idan kaurin harafi ya ɓace, ko launi ya ɓace, magana tana nan yadda take, armashinta ne kawai ya ragu. Idan layin sokewa ya ɓace kuwa, magana juyawa take yi, abin da ka ce ka janye ya koma abin da ka faɗa. A harkar kuɗi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gobe idan aka yi saɓani, kowa zai buɗe wayarsa ya nuna abin da ya gani, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Malaman da suka gabata sun yi wa wannan batu kyakkyawan tunani tun zamanin tawada da alƙalami, kuma a garin karatu irin Sakkwato bai kamata mu wuce shi ba. Ibnus Salah, malamin hadisin da ya rasu a shekarar 1245, ya bayyana cewa idan wani abu ya shiga littafi bisa kuskure, jan layi a kansa ya fi kankarewa ko gogewa, domin mai karatu ya ga abin da aka soke, kada a zargi marubuci da ɓoye wani abu. Ya kuma ambaci cewa wasu marubuta ba sa jan layin, sai su rubuta kalma a farkon abin da aka soke da wata kalma a ƙarshensa, su killace shi. Wannan hanya ta biyu ita ce ta dace da imel, saboda kalma tana isa duk inda saƙo ya isa. Ka sa yaronka ya rubuta a fili cewa farashin da aka faɗa a baya, naira 60,000, an soke shi, farashin yanzu naira 52,000 ne kowane buhu. Idan yana son ya ƙara jan layi a kan tsohon adadin domin ido ya yi saurin ganewa, babu laifi, amma jimlar ce za ta ɗauki nauyin maganar. Ni a ganina ma, idan ba rangwame kake son nunawa ba, sabon farashin kaɗai ya wadatar.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A WhatsApp idan na sa alamar ~ a gaban kalma da bayanta, sai layi ya fito a kanta. Na yi haka a imel ɗin da na tura wa malamin da ke duba aikina, amma alamomin suka fito yadda na buga su. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malama, ba ki buga komai ba daidai ba, wurin ne ba nasa ba. Wannan alama yarjejeniya ce ta cikin gida: WhatsApp ne yake ganin alamomin biyu, ya ɓoye su, ya zana layi a madadinsu, kuma tun shekarar 2016 yake yin haka. Wasu dandamali suna da tasu ƙa'idar, misali a GitHub alama biyu-biyu aka saba sawa a kowane gefe, bisa wani salon rubutu da ake kira Markdown. Gmail da Outlook da Apple Mail ba su shiga wannan yarjejeniya ba, don haka a wurinsu alamar harafi ce kamar kowane harafi. Akwai ma wata illa da ya kamata ki sani: a lissafi da rubutun kimiyya, wannan alama idan ta zo gaban adadi tana nufin kimanin, saboda haka malaminki zai iya karanta ~50 a matsayin wajen hamsin, ba hamsin da aka soke ba. A wasiƙar da za ki aika wa malami, ki faɗi gyaran da kalmomi, cewa sakin layi na biyu a shafi kaza kin cire shi, ga kuma abin da ya maye gurbinsa.

Tambaya: Ni ne sakataren wata ƙungiyar masu sana'ar fata a cikin gari. Idan za mu gyara dokokin ƙungiya ko rahoton taro, nakan so in tura wa shugabanni rubutun da tsofaffin kalmomi a soke, sababbi a gefe, domin kowa ya ga abin da ya canza. Wasu cikinsu Gmail suke amfani da shi, wasu Outlook na ofis, wasu kuma waya kawai. Yaya ake jan layin a kowanne, kuma wace hanya ce ta fi tabbas?

Amsa: Malam Sakatare, niyyarka mai kyau ce, domin gyaran da aka yi a idon kowa ya fi wanda aka wayi gari aka tarar. Bari mu fara da yadda ake yi. A Gmail na kwamfuta, za ka zaɓi kalmomin da kake son sokewa, ka buɗe jerin kayan adon rubutu da ke ƙasan akwatin rubuta saƙo, ka nemi harafin S mai layi a tsakiyarsa. Wani lokaci yana ɓoye a ƙarƙashin ɗan kibiyar da ke ƙarshen jerin. Google ya ƙara wannan maɓalli ne a farkon shekarar 2019. Idan kana son gajeriyar hanya, a kwamfuta mai Windows ka danna Alt da Shift da lamba 5 tare, a Mac kuma Command da Shift da harafin X. Ka lura cewa idan an kunna zaɓin rubutu zalla a cikin ɗigo ukun da ke ƙasan akwatin, babu adon da zai kama, sai ka kashe shi tukuna.

A Outlook na kwamfuta, maɓallin yana cikin sashen tsara rubutu, yana ɗauke da ƙananan haruffa da layi ya ratsa su. Akwai tarko guda a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Outlook na gargajiya yana da sigogi uku na aika saƙo: HTML, da rubutu zalla, da kuma wata siga ta Microsoft da ake taƙaita sunanta da RTF. Wannan ta ukun Outlook ne ya fi fahimtarta, kuma idan saƙon ya je wa mai wata manhaja, yakan ga rubutun babu ado, tare da wani maƙalallen fayil mai suna winmail.dat wanda ba zai iya buɗewa ba, alhali adon duka yana cikinsa. Saboda haka duk wanda yake rubuta wa mutanen waje daga Outlook, ya tabbata HTML ya zaɓa. A Thunderbird ana samun layin a jerin tsara rubutu, ƙarƙashin salon haruffa, a Apple Mail na Mac kuma yana cikin tagar zaɓen haruffa, wadda Command da T suke buɗewa. Manhajojin waya sun fi ƙarancin kayan ado idan aka kwatanta da na kwamfuta, don haka wanda bai ga maɓallin a wayarsa ba zai iya rubuta abin a Google Docs ko Word, ya soke a can, ya kwafo ya liƙa, sannan ya duba ko layin ya biyo.

Game da karantawa, albishir ɗin shi ne duk waɗannan manyan manhajoji suna nuna layin sokewa idan an buɗe saƙon a sigarsa ta HTML. Matsalar takan taso ne a zagaye na biyu. A ce ma'aji ya amsa maka daga manhajar da aka saita a kan rubutu zalla, ya kuma haɗa da kowa a amsar: tsohon saƙonka zai biyo a ƙasan nasa babu layi ko ɗaya, dokar da aka soke da wadda aka kawo sun cakuɗe a jimla guda. Wanda bai karanta saƙon farko ba, wannan zai gani, kuma da shi zai zo taro.

Don haka shawarata ita ce kada ka sa dokokin ƙungiya a cikin jikin imel. Ka yi gyaran a Word, inda akwai tsarin bin sawun gyare-gyare da ke nuna abin da aka cire da abin da aka ƙara da sunan wanda ya yi, ko kuma ka ja layukan da hannunka, sannan ka mayar da takardar PDF ka maƙala. PDF yana riƙe kamannin shafi yadda ka bar shi, ko a waya aka buɗe ko a kwamfuta, ko an kai shagon buga takardu an fitar wa dattawan da ba sa karatu a waya. A jikin imel ɗin kuma ka rubuta gyare-gyaren a taƙaice da cikakkun jimloli, cewa doka ta huɗu a da ta ce kuɗin wata kaza ne, yanzu ana neman a mayar da shi kaza. Kafin ka tura wa kowa, ka fara tura wa kanka a wani adireshi, ka buɗe a waya, ka dubi sanarwar, ka dubi saƙon.

Idan kuma akwai mai haɗa muku takardar sanarwa da HTML kai tsaye, ga abin da zai amfane shi. Alamomi uku ne suke jan wannan layi: s da strike da del. Ƙa'idar HTML 4 ta shekarar 1997 ta ba da shawarar a daina amfani da biyun farko, daga baya HTML5 ta dawo da s domin abin da ya daina zama daidai, kamar tsohon farashi, ta bar del domin abin da aka cire daga takarda, ta yi watsi da strike. Ana kuma iya yin layin da CSS, yaren da ake yi wa shafukan intanet ado da shi, amma a imel ya fi aminci a rubuta umarnin a jikin alamar da ta kewaye kalmar, saboda wasu manhajoji suna zubar da umarnin adon da aka tara a saman saƙo. Outlook na gargajiya na Windows tun sigar 2007 da injin Word yake nuna saƙonni, ba da injin burauza ba, kuma shi ya sa abin da ya fi sauƙi ya fi isa lafiya.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi daga gida a Mabera, kuma ina tura wa kwastomomi imel idan na yi ragi. Na ga wasu shafuka da ake rubuta kalma su mayar da ita sokakkiya, a kwafa a liƙa ko'ina, har a taken saƙo. Tunda wannan ba ya ɓacewa, ba shi ne mafita ba?

Amsa: Hajiya, gaskiya ne wannan ba ya faɗuwa a hanya, kuma shi kaɗai ne yake iya shiga taken saƙo, domin take ba ya karɓar HTML ko kaɗan. Amma yana da kyau ki san abin da shafukan suke yi. A cikin Unicode, babban kundin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, akwai wata alama mai lamba U+0336 wadda ba ta tsayawa da kanta, hawa take yi kan harafin da ya gabace ta. Shafin yana cusa wannan alama ne bayan kowane harafi, don haka kalma mai haruffa biyar ta zama alamomi goma. Yadda za ta fito ya dogara da irin haruffan da ke wayar mai karatu. A wata wayar layin ya miƙe sumul, a wata ya zo gutsi-gutsi ko ya goce gefe, a tsohuwar waya kuma ya fito da ƙananan akwatuna. Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin dalilin yin hattara, domin haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba kowane salon haruffa ne yake ɗauke da su ba, sai waya ta aro su daga wani salon, kuma ɗora musu wata alama a kai yana ƙara yiwuwar su fito a karkace.

Akwai asara biyu bayan wannan. Ta farko, idan kwastoma ta nemi wannan kalma ko adadi a akwatin saƙonninta daga baya, binciken zai iya kasa gano shi, saboda alamomin da aka cusa sun raba haruffan. Ta biyu ta shafi 'yan'uwanmu makafi da masu raunin gani, waɗanda manhaja take karanta wa saƙo da murya. Irin wannan rubutu yakan rikita manhajar, ta riƙa karanta shi harafi-harafi ko ta tsallake. Ko layin HTML na ainihi ma, mafi yawan waɗannan manhajoji ba sa sanar da shi sai an saita su, don haka makaho zai ji tsohon farashi da sabo a jere, daidai da abin da ya faru da abokin cinikin Alhaji a tambayar farko. Ki rubuta a take cewa leshi ya sauko daga kaza zuwa kaza. Kalmomin daga da zuwa sun yi aikin layin, kuma kowa zai gane, mai gani da mai sauraro.

Tambaya: Idan na rubuta wata magana a imel na ga ba ta dace ba, na ja mata layi, wanda na aika wa zai ɗauka na janye ta? Daga wani ma'aikaci a Runjin Sambo.

Amsa: Ɗan'uwa, zai karanta ta tsaf, domin layin bai rufe komai ba, an yi shi ne musamman don a iya karanta abin da ke ƙarƙashinsa. Duk wanda ya kwafi wurin ya liƙa a rubutu zalla zai same shi babu layi, kuma idan aka tura saƙon gaba, maganar za ta tafi tare da shi. A wasiƙar aiki, sokakkiyar magana takan fi ma jan ido, sai mai karatu ya ɗauka da gangan ka bar ta domin ya gani, wanda hakan yakan zama habaici ko da ba ka nufa ba. Abin da ba ka son a karanta, ka goge shi gaba ɗaya kafin ka aika, musamman lambar asusun banki ko sunan wani ko adadin albashi. Idan saƙon ya riga ya tafi, Gmail yana ba da ɗan lokaci na janyewa wanda za ka iya saitawa daga daƙiƙa 5 zuwa 30, kuma bayan wannan sai dai ka aika saƙo na biyu ka bayyana a fili wace jimla ce ka janye da abin da kake nufi a maimakonta.